Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmar "Bogus" da Zancen Fitowarta Daga "Boko"

A wani taron ƙara wa juna sani na ɗaliban manyan digirori da na halarta bara, wani ɗan'uwa ya gabatar da takarda a kan kalmomin aro tsakanin Hausa da Turanci. Da ya iso kan "boko" sai ya tsaya ya bayyana cewa ba daga "book" ta Turanci ta fito ba, Bahaushiyar kalma ce gaba da baya. Zauren ya gamsu, don kuwa wannan magana ta riga ta zauna a tsakaninmu. Bai ko numfasa ba sai ya ƙara da cewa, hasali ma Turanci ne ya ci bashinmu, domin kalmar "bogus" da Turawa ke faɗa wa abin da ba na gaskiya ba daga "boko" aka same ta, bayin da aka kwasa zuwa Amurka ne suka tafi da ita a bakinsu. Nan fa aka yi ta gyaɗa kai, har da tafi. Babu wanda ya nemi hujja, kuma ni ma ina cikin masu gyaɗa kan. Sai da na koma masauki abin ya fara damuna. Magana biyu aka yi a jere. Ta farko an karɓe ta ne saboda an auna ta. Ta biyu kuwa an karɓe ta ne saboda ta yi mana daɗi.

Ra'ayina shi ne, a bisa shaidar da ke hannu, ba mu da ikon cewa "bogus" 'yar "boko" ce, kuma ma'aunin da ya wanke "boko" daga zargin aro shi ne dai yake hana mu wannan da'awa. Amma kafin nan ya kamata a san kalmar kanta a gidansu.

Idan Bature ya ce abu "bogus" ne, ya wuce cewa an yi kuskure. Yana nufin abin ya sa rigar gaskiya alhali ba shi da ita: takardar shaidar da ba wata makaranta da ta bayar, likitan da bai taɓa shiga ajin likitanci ba, kamfanin da babu shi sai a takarda. Siffa ce, kuma tana ɗauke da ɗan raini. Sai dai akwai wani lungu a ma'anarta da su kansu masu harshen ba su daidaita a kai ba, wato ko tana tuhumar abin ne kaɗai, ko kuwa har da niyyar mai abin. Wannan lungu ya taɓa kai mutum gaban alƙali. A 2008 marubucin kimiyya Simon Singh ya yi rubutu a jaridar Guardian, inda ya yi amfani da kalmar a kan wasu hanyoyin magani da ƙungiyar masu gyaran ƙashin baya da hannu ta Birtaniya ke tallatawa don cututtukan yara. Ƙungiyar ta kai shi ƙara bisa ɓata suna. A 2009 Mai Shari'a Eady ya yanke cewa maganar tasa na nufin ƙungiyar tana sane take tallata abin da ta san ba shi da amfani. Singh ya ce shi bai tuhumi zuciyar kowa ba, rashin hujjar kimiyya yake nufi. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce abin da ya rubuta ra'ayi ne, ƙungiyar kuma ta janye ƙararta. Shekara biyu ke nan ana shari'a, kuma babban abin jayayya shi ne ma'anar wannan kalma mai gaɓa biyu. Mu ma za mu iya tambayar kanmu: in Bahaushe ya ce "maganin bogi ne," maganin ya zarga ko mai sayarwa?

Tarihinta kuwa a Amurka ya fara, kuma a hannun masu buga jabun kuɗi. Shaidar da babban ƙamusun Oxford ya daɗe yana kafa hujja da ita ta 1827 ce, daga jaridar Painesville Telegraph ta wani ƙaramin gari a jihar Ohio. An kama wata na'urar buga jabun sulalla, jama'a suka taru suna kallo, aka kira na'urar da wannan suna, editan jaridar Eber D. Howe ya sa shi a shafi. A lura da kyau: a nan kalmar suna ce, sunan wani ƙarfe da ake iya taɓawa. Daga na'urar ta koma kan kuɗin da na'urar ke fitarwa, daga nan ta zama siffa. Zamanin ya taimaka mata ƙwarai. Bankunan jihohi barkatai kowanne yana buga takardar kuɗinsa, sulallan ƙasashen waje kamar dalar Sifaniya suna yawo a kasuwa da izinin doka har 1857, ga jabu ko'ina, har ta kai a 1865 gwamnati ta kafa hukumar jami'an sirri musamman don yaƙi da masu wannan sana'a. Kalmar ba ta daɗe a kasuwa ba ta shiga siyasa. A 1855 dubban mutane daga Missouri suka tsallaka zuwa yankin Kansas suka jefa ƙuri'ar da ba su da haƙƙinta, aka sami majalisa mai goyon bayan bauta, masu adawa suka laƙaba mata wannan siffa, kuma da ita littattafan tarihi ke kiran majalisar har yau.

Daga baya ta yi rassa. A bakin matasan Amurka na wajejen 1980 ta zama kalmar ƙorafi kawai, abin da bai yi ba ko bai dace ba. A jaridun Ingila na wajejen 1990 ta manne wa masu neman mafaka, ta zama sandar dukan baƙi. A Turancinmu na Nijeriya kuma ta yi wani juyi na ban mamaki, inda za ka ji an kira takalmi ko riga ko albashi "bogus" ana nufin ya cika girma ko ya wuce kima, ma'anar da Baturen Landan ba zai gane ba.

To, daga ina Amurkawan 1827 suka samo ta? A nan Turawa ma sun yi ta harbi a duhu. Wata jaridar Boston ta 1857 ta ce sunan wani ɗan damfara ne, Borghese, wanda ya cika yammacin ƙasar da takardun kuɗi na ƙarya a wajejen 1837. Labari ne mai daɗin ji, amma kalmar ta riga shi da shekara 10, don haka ya faɗi. Marubuci James Russell Lowell ya ce daga Faransanci "bagasse" take, wato tuƙar rake da ta rage bayan an matse. Wasu sun ce gutsuren "tantrabogus" ce, kalmar da aka ce mutanen Vermont na faɗa wa duk wani abu mai siffar ban tsoro ko ban mamaki, wadda kuma ake dangantawa da wani sunan shaiɗan a karin harshen Devon na Ingila. Wasu sun haɗa ta da "bogey", dodon da ake tsorata yara da shi. Manyan ƙamusoshi dai sun tsaya a kan cewa asalin bai tabbata ba. Wannan gurbi da aka bari shi ne ƙofar da "boko" ta shigo.

Wanda aka fi dangantawa da shigo da ita shi ne David Dalby, masanin harsunan Afirka na Jami'ar Landan, a wata maƙala ta 1972 kan gudummawar Afirka ga Turancin Amurka. Daga nan maganar ta shiga littafin Joseph Holloway da Winifred Vass na 1993 a kan gadon Afirka a Turancin Amurka, sannan ta bazu a jerin kalmomin da ake ta kwafa. Ba na son a ɗauka ina raina manufar waɗannan malamai. Sun yi rubutu ne a bayan wani dogon zamani da aka riƙa cewa bayi sun sauka Amurka ba su bar ko kalma ɗaya ba. Lorenzo Dow Turner ya karya wannan ƙarya a 1949 da aikinsa a kan harshen Gullah, aikin da ya yi shekaru yana yi da naɗar murya da kwatanta harsuna. Kuma akwai kalmomin da asalinsu na Afirka ya samu karɓuwa, irin su "gumbo" da "goober" daga harsunan Bantu. Amma kasancewar an zalunci Afirka a wannan fage bai mayar da kowace da'awa gaskiya ba.

Mu tuna yadda aka wanke "boko". A 2013 Farfesa Paul Newman ya fitar da ɗan gajeren nazari a kan asalinta, ya kuma nuna cewa Malam Liman Muhammad ya riga ya faɗi haka tun 1968, inda bai sa ta cikin kalmomin aro daga Turanci ba, ya sa ta cikin kalmomin gida da aka faɗaɗa wa ma'ana. Hujjojin a fili suke. Ta fuskar sauti, "cook" ta ba mu "kuku", don haka da "book" aka ara da wasalin /u/ za mu ji, ba dogon /o/ ba. Ta fuskar ma'ana, ƙamusun Bargery na 1934 ya jero ma'anoni da dama na "boko" da ke kewaye da algus da yaudara da abin da ba na ainihi ba, kuma kowa ya san amaryar boko da biri-boko ba su da haɗi da littafi. Ta fuskar tarihi, Bahaushe yana da "littafi" tun ƙarnoni kafin zuwan Turawa, kuma dalilin da ya sa ya kira karatun Nasara na boko ba ɓoyayye ba ne. Sauti, ma'ana, hanya. Da waɗannan aka yi aikin, muka kuwa yi murna.

A ɗora "bogus" a kan wannan sikeli. Kafin "boko" ta zama "bogus" sai /k/ marar ziza ya koma /g/ mai ziza, sannan a liƙa ɗafa-ƙeyar da babu ita a asali. Turanci ba ya ƙyamar /k/ tsakanin wasula biyu, ga "cocoa" ga "poker", don haka babu abin da zai tilasta wa bakin Ba'amurke wannan canji. Ɗafa-ƙeyar kuma an ce kwaikwayon "hocus-pocus" ne. Yana iya yiwuwa, amma da irin wannan izini na canza baƙi ɗaya a ƙara biyu, kalmomi nawa ne ba za a iya aurar da su ba? Ta fuskar ma'ana abin ya fi jan hankali, don nan ne kamannin yake. Sai dai kamannin yana tsakanin "boko" da ma'anar "bogus" ta yau ne. Mun ga cewa a tsohuwar shaida sunan na'ura ce. Mai binciken asalin kalma da ma'anar farko yake kwatantawa, ba da ta ƙarshe ba, kamar yadda mai neman dangin tsoho ba ya dubawa da furfura.

Inda da'awar ta fi rauni shi ne hanya. Wa ya kai kalmar, yaushe, ta ina? Hausawa sun shiga cinikin bayi na Tekun Atlantika da yawa ne a ƙarshensa, musamman bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a 1804, inda aka riƙa gangarawa da kamammu zuwa Ikko da Badagiri da Wida. Amurka kuwa ta haramta shigo da bayi daga ranar 1 ga Janairu, 1808. Akasarin waɗannan bayin Allah Bahia ta ƙasar Birazil aka kai su, kuma can tarihi ya ji muryarsu: yunƙurin tawaye na 1807, da tawayen 1809 da na 1814, sannan da hannunsu a babban tawayen Musulmi na 1835 wanda Yarabawa suka fi yawa a ciki. Bayin Amurka ta Arewa kuwa mafi yawansu daga yankin Kongo da Angola, da Senegambiya, da gaɓar Biyafara, da gaɓar Gana da Saliyo aka kwaso su. Painesville kuma tana can arewa maso gabashin Ohio kusa da tafkin Erie, a yankin da baƙi daga Connecticut da maƙwabtanta suka cika, a ƙasar da dokar 1787 ta hana bauta tun kafin ta zama jiha.

Adalci ya sa in faɗi abin da ke hannun ɗaya ɓangaren. Takardun bayi na Louisiana, waɗanda Gwendolyn Midlo Hall ta tattara, sun ambaci wasu 'yan tsiraru da aka rubuta a matsayin Hausawa, kuma masu wannan ra'ayi suna nuni da wata kalma "bogue" a Faransancin Louisiana mai ma'anar abin ƙarya. Kogin Misisipi da na Ohio kuma hanyar fatauci ce, kalma tana iya hawa jirgin ruwa kamar yadda kaya ke hawa. Na yarda da wannan duka. Amma "tana iya" daban, "ta yi" daban. Abin da ake bukata shi ne takarda ɗaya daga Louisiana ko wani wuri a kudu, wadda ta riga 1827, da ke nuna kalmar a bakin baƙaƙen fata. Masu da'awar ba su kawo ta ba. Shekarar 1827 kanta ba aya ba ce, ana iya tura ta baya duk ranar da wani ya tono tsohuwar jarida, kuma in abin da aka tono ya nuna kudu ni ne farkon mai sauya ra'ayi.

Abin da muke mantawa shi ne yawan arashi a tsakanin harsuna. "Hannu" da "hand" sun yi kama a sauti, ma'anarsu ɗaya, kuma ba su haɗa komai ba. Farisanci yana da "bad" mai ma'anar mummuna daidai da ta Turanci, masana kuma sun tabbatar kowace da hanyarta. A ɗaya gefen, "mutu" tamu da "mautu" ta Larabci dangi ne na haƙiƙa, ba aro ba, kuma abin da ya tabbatar da haka ba kunne ba ne, samun wannan saiwa ne a harsunan Cadi da na Berber da tsohon harshen Masar da harsunan Samawa. Harshe kowane yana da dubban kalmomi da 'yan sautuka ƙididdigaggu. Dole wasu su yi karo.

In ana son ganin yadda asali mai hanya yake, ga "jabu" a gidanmu. An fi ɗaukar cewa daga sunan Ijebu take, kuma a nan akwai tarihin da ke riƙe da maganar. Bayan kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, buga jabun sulalla ya dami gwamnatin mulkin mallaka, musamman tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma sunan wannan yanki ya shahara da abin har Yarabawa kansu suka riƙa kiran kuɗin ƙarya da shi. Toyin Falola da Ayodeji Olukoju duk sun yi rubutu a kan wannan sana'a ta wancan zamani. Ba aibata mutanen wani gari nake yi ba, laƙabi ne da tarihi ya bari. Abin lura shi ne akwai lokaci, akwai wuri, akwai fataken goro da jirgin ƙasa da suka haɗa kudu da arewa, sautin kuma bai bukaci a murɗe shi ba. Wani abin sha'awa, "jabu" da "bogus" duk a maƙerar kuɗin ƙarya aka haife su, sannan kowace ta bazu zuwa magani da takarda da mutum.

Saura "bogi", kuma a nan dole in juya wuƙar a kaina. Na daɗe ina faɗa ba tare da wani ɗar ba cewa daga "bogus" muka aro ta. Ma'ana ta dace sarai, zamanta a jimla ma haka: likitan bogi, ma'aikatan bogi, digirin bogi, labaran bogi, duk wuraren da Baturen jarida zai sa tasa kalmar. Har ta fara raba aiki da "jabu", inda "jabu" ta fi zama a kan abin da aka ƙera a kwaikwayi na ainihi, kamar kuɗi da magani, "bogi" kuma ta fi kama mutum da hukuma da abin da babu shi sam. Ma'aikacin bogi ba kwaikwayon wani ma'aikaci ba ne, suna ne kawai a takardar albashi. To amma sautin fa? Hausa ba ta saba yar da /s/ na ƙarshen kalmar Turanci ba: ofis, bas, kwas, sabis. Bisa wannan tsari "bogas" ya kamata mu ji. Ana iya cewa an gutsure ta ne, kamar yadda "sixpence" ta zama "sisi", kuma wannan ita ce amsar da na fi karkata gare ta. Amma "sisi" ta bi ta bakin Yarabawa kafin ta iso mu, don haka sai a nemi bakin da "bogi" ta bi, a kuma kawar da "bogey" wadda sautinta ya fi kusa ko da yake ma'anarta ta fi nisa. Aikin ba gagara ba ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa tun 1939, kuma wanda ya zauna da tsofaffin kofenta ya samo inda "bogi" ta fara bayyana, da abin da aka siffanta da ita, ya yi wa fagen nan hidimar da ta fi shafi goma na hasashe. Ga kundin digiri na biyu a zaune yana jiran mai shi.

Ina roƙon malamaina masu duba kundaye da su riƙa tsayar da mu a irin wannan wuri. Da'awar asalin kalma takan shigo ne a jimla ɗaya cikin babin gabatarwa, ba a kula ta, sai ɗalibi na gaba ya kwafe ta yana kafa hujja da na baya, kafin shekara biyar ta zama "kamar yadda masana suka tabbatar". Haka "book" ta yi shekaru tana zaune a kan "boko". Kuma ba mu cikin yunwar da za ta sa mu ci abin da ba namu ba. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya, cikinsu har da "Kannywood" da "buka" wadda aka danganta da "bukka" tamu, daga baya "suya" ta bi sahu. Waɗannan an san hanyarsu, an san shekarunsu.

Wanda kuma yake son bin sawun Hausa a ƙetaren Atlantika da gaske, Bahia ce ta fi cancanta da wahalarsa. Francis de Castelnau, ƙaramin jakadan Faransa a can, ya zauna da bayi Hausawa ya yi musu tambayoyi a kan garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga abin da ya ji a 1851. Likita Nina Rodrigues, kafin rasuwarsa a 1906, ya tattara kalmomin Hausa daga bakin tsofaffin da suka rage a Salvador. Idan "boko" ta taɓa ƙetare teku a bakin bawa, a irin waɗannan takardu ya kamata a fara nemanta. Da Faransanci da harshen Fotugal aka rubuta su, kuma kaɗan ne daga cikinmu a sassan Hausa na Nijeriya suka damu da koyon ko ɗaya daga cikin biyun.